Sunana a Ƙasan Shafi

Shekara ashirin da bakwai na yi ina wanke kwalabe
a ɗakin gwaji na hawa na biyu, nan Samaru,
ɗakin da tagarsa ke kallon tsohon maɗaci.
Ni ne Barau. Ba ni da digiri,
amma nakan ji warin sinadarin da ya lalace
tun kafin a buɗe murfi.

Yau wani ɗalibi ya juyo mini fuskar kwamfuta:
"Baba, dubi, Farfesa Tasalla Jatau,
maƙala tamanin da shida,
an ambace ta sau dubu huɗu da 'yan kai."
Na ce, to, madalla.
Lamba ba ta gumi, yaro.

Ni na ga daren da firiza ta yi shiru,
janareto ya yi tari biyu ya mutu,
aikin damina uku na ciki yana narkewa.
Ƙarfe ɗayan dare ta tuƙa tsohuwar fijonta,
ina baya, na rungume kula kamar jariri,
muka tashi mai ƙanƙara a Sabon Gari.
Ya ce, "Biki ake?" Ta ce, "Jinya."
Wannan daren ba ya cikin dubu huɗun.

Abin da take farauta ido bai taɓa gani ba,
wani layi ne cikin rubutun da Mahalicci ya naɗe a ƙwayar dawa.
Haruffa huɗu kacal, in ji ta, ake ta jujjuyawa.
Da layin nan saiwa ke yi wa ƙuduji raɗa:
ga ni nan, zo ka sha.
Ita kuwa so take dawa ta koyi kame baki.

Sau biyar mujallar ƙetare ta dawo mata da takarda.
Sai ta cire tabarau, ta aike ni sayen ƙosai,
ta ci uku, ta goge mai a gefen farar riga,
ta ce, "Mai gyaran nan ya fi ni gaskiya a shafi na tara.
A sake."
Muka sake. Wata goma sha ɗaya.

Ba waliyyiya ba ce.
Ta taɓa daka mini tsawa gaban ɗalibai
kan kwalbar da ba ni na fasa ba.
Kwana uku ba gaisuwa;
ran na huɗu na tarar da farin goro a aljihun rigata.

Rimin Zariya ba ya raka audugarsa,
iska ke ɗauka.
Ɗalibinta ɗaya na Maiduguri, ɗaya na Yamai,
wata na can inda ruwa ke daskarewa a kan titi,
kuma duk suna riƙe bututun awo irin riƙonta:
ƙaramin yatsa a sama, numfashi a tsare.

Bara na je ta'aziyya Bomo,
na ga gona, zangarniya ta sunkuya don nauyi,
furen ƙuduji sai ɗai-ɗai can bakin iyaka.
Na tambayi mai gonar asalin irin.
Ya ce, "Wa ya sani? Ƙanena ya auno a kasuwar Giwa."
Bai taɓa jin sunanta ba.
Ya ba ni rabin tiya a leda.

Na kai mata gida Hanwa, idonta ya yi rauni yanzu.
Ta murza ƙwaya a tafi, ta gatsa, ta daɗe tana taunawa.
Na zaci kuka za ta yi.
Ta ce, "Gona ɗaya ba hujja ba ce, Barau.
Je ka dubo mini wasu biyar."

To, yaro, gangara ƙasa.
Wuce jadawalin, wuce zanen, har inda ake godiya
da ƙananan haruffa kamar sahun tururuwa.
Ka gan ni?
Sau goma sha tara ta sa ni a wurin,
sau biyu masu ɗab'i sun rubuta Baru.

Matsa mini, ruwan famfo ya dawo,
kwalaben jiya na jira.